Bishiyoyin Cikin Gwangwani

Tun kafin motar Yaya ta gama tsayawa Auta ta hango abin da ke leƙowa ta bayanta. Dashe ne, dogo, ya kai ƙirjin mutum. Ta ƙura wa siririn ganyen ido. Dashen bishiyar turare ne.

Irinsa ne ya kashe Baba. Bara waccan, wata la'asar da ko ganye ba ya motsi, yana zaune a kujerarsa a gindin turaren ƙofar gida yana jin rediyo, reshe ya ɓalle daga can sama. Mama tana kicin ta ji ƙarar. Da masu gaisuwa suka watse ta sa aka kira mai injin yanka, ya kwantar da duk wata bishiya da ke kusa da gidan, har da ɗan lemon da bai kai taga ba.

Daga nan gidan gonar ya koma kasko. Ɗakin Mama ne ya fi shan wuya, don bangonsa na yamma yakan sha rana har ta faɗi, sannan ya yi ta amayar da zafin a kan gadonta. Rannan Auta ta same ta a yashe a bakin ƙofa. Likita ya ce hawan jininta ba ya shiri da irin wannan zafin, Yaya kuwa ya yanke magana: ko a yi inuwa, ko Mama ta koma wurinsa a birni. An taɓa gwada birnin. A bene yake zaune, Mama ta wuni a jikin taga tana kallon rufin gidajen mutane, ta bar cin abinci, ta bar magana, zaninta har yana zamewa daga ƙugunta. Auta ta san idan aka sake ɗaukarta, ba da ƙafarta za ta dawo ba.

Shi ya sa duk dashen da Yaya ya aiko, aka dasa a ƙofar ɗaki ya ɓace, Auta takan ce masa a waya awaki ne.

Yaya ya fito yana share gumi. Ya durƙusa ya gaida Mama a ɗaki, ya fito ya aika aka kira Dogo, maƙwabcinsu mai yi musu haƙa. Sannan ya kewaye gidan a hankali, hannuwansa a baya, kamar yadda yake kewaya gini a wurin aikinsa.

"Auta, ina awakin?"

"Waɗanne awaki, Yaya?"

"Masu cin dashe. Na zo mu gaisa. Ga shi na zagaye gidan nan kaf ban ga ko kashin akuya ba."

Dogo ya jingina da digarsa yana dariya. "Injiniya, awakin gidan nan ai sun yi makaranta. In sun ci, har ramin suke mayar wa ƙasa su daddanna."

Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Tun tana yarinya ba ta iya haɗa ido da Yaya, balle ta ja da shi. Sai da Dogo ya kusa gama ramin, daf da tagar Mama, sannan ta iya buɗe baki.

"Yaya, turare ne fa."

"Na sani. Mai dashen ya ce duk cikin kayansa babu mai saurinsa."

"Amma Baba…"

"Kwanan Baba ne ya ƙare, Auta. Ba zan zauna ina kallo zafi ya ɗauke mana ɗayar ba saboda tsoron itace."

Aka sa dashen, aka mayar da ƙasa, Dogo ya tattake. Yana zuba ruwa ke nan labulen ɗaki ya ɗaga.

Mama ta tsaya a bakin ƙofa, ƙarama, ba takalmi. Ta daɗe tana kallon ganyen. Ba ta dubi kowa ba.

"Fitar da shi," in ji ta.

"Mama, ki yi haƙuri ki saurare ni…"

Ta tako cikin laka, ta kama dashen da hannu biyu, ta ja. Bai fito ba. Ta sake ja, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, Auta ta ji kamar ta ruga ta taya ta, ko ta riƙe ta, ba ta ma san wanne ba. Sai ƙasa ta saki. Mama ta yi tangal-tangal, ta rungume shi a ƙirji da lakarsa da komai, ta nufi bayan sito.

Yaya ya bi ta. Auta ta bi shi, ta san abin da zai tarar.

A ɗan lungun da ke tsakanin sito da katanga, inda rana ba ta cika leƙawa ba, ga su nan a jere cikin gwangwanayen fenti da tsofaffin bokitai: mangwaro, darbejiya, maɗaci, cediya, duk abin da ya taɓa aikowa. Ba wanda ya mutu. Ganyensu shar, ƙasarsu a jiƙe, an ma kafa wa mangwaron ɗan kara don kada ya karkace.

"Mama," in ji Yaya, muryarsa ta sauka, "mene ne wannan?"

"Ba su yi mini laifi ba da zan kashe su." Ta ajiye turaren can gefe, nesa da sauran. "A nan ba za su fi ƙarfina ba."

Yaya ya juyo ya dubi Auta. Ya rage murya, amma lungun ƙarami ne.

"Kina gani, kika yi ta ɓoye mini. Wannan aikin mai cikakken hankali ne? Je ki haɗa mata kayanta. Da ita zan tafi, kafin duhu."

Mama ta zauna a kan wani bokiti da aka kife, ta shiga goge lakar hannunta da bakin zani, yatsa bayan yatsa.

Ɗakin kamar an hura wuta a ƙarƙashinsa. Auta ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado, ta zuba zannuwa, magunguna, tabarau, rediyon Baba. Gumi da hawaye suka haɗu a haɓarta. Yaya ya shigo ya ɗauki jakar ko zugewa ba a gama ba, ya kai mota. Ita kuwa ta tsaya a taga ta dafa bango, ta janye hannu da sauri don ƙuna.

Ta nan ta hango shi can tsakiyar fili yana waya, yana gaya wa matarsa a share ɗakin baƙi. Ya yi nisa da gidan. Amma inuwarsa ta miƙe a ƙasa, ta baro shi, ta nufo tagar, doguwa fiye da shi kansa. Auta ta bi ta da ido daga kai har zuwa takalminsa, ta sake dawowa. Da zai faɗi a inda yake tsaye, ko kusa da kan inuwar tasa ba zai kai ba.

Ba ta san lokacin da ta fito ba.

"Yaya."

Ya ɗaga mata hannu, alamar ta jira.

"Yaya, ka kashe wayar."

Shi da Dogo suka dube ta tare. Ita ma ta ji muryar kamar ba tata ba. Ta yi maza ta ci gaba kafin ƙarfin halin ya gudu.

"Ba dole sai a jikin ɗaki za a dasa ba. Ranar yamma ce ke dafa bangon nan, ita kuwa a kwance take zuwa. In aka dasa can, nesa, inuwar za ta iso. Bishiyar ce ba za ta iso ba, ko ta faɗi."

"Da tsakar rana fa?"

"Da tsakar rana a baranda take zama. Bangon ne ke hana ta barci."

Yaya ya dubi agogonsa, ya dubi bangon. "Ni ba ni za ki gaya wa ba. Je ki gaya mata, in za ta ji."

"Ba za ta ji ba. Sai ta gani."

A bayan gida akwai doguwar gorar da Baba ya taɓa ɗaura eriya a kai. Dogo ya jawo ta, Yaya ya ce bishiya za ta wuce wannan tsawon, aka ƙara mata wata da igiya. Auta ta koma lungu ta durƙusa a gaban Mama.

"Ki zo ki ga wani abu. In bai yi miki ba, ni da kaina zan hana a dasa."

"Ke ɗin?" Mama ta ɗan dube ta. Amma ta miƙe.

Suka tsaya a jikin bangon. Can cikin fili Dogo da Yaya suka tayar da gorar tsaye, tana lilo a sama. Inuwarta ta kwanto siririya, ta hau bangon har taga.

"Wannan ce bishiyar, Mama, in ta gama girma," in ji Auta. "Ga inuwarta. Yanzu za su sake ta."

Hannun Mama ya damƙi damtsenta.

"Ku saki!"

Gorar ta yi jim, sannan ta taho. Auta ta ji farcen Mama ya shige mata fata. Gorar ta bugi ƙasa, tim, ƙura ta tashi. Kanta ya tsaya nesa da bango, da tazarar da mota za ta wuce.

Mama tana numfashi sama-sama. "Reshe yana tsalle," in ji ta. "Na Babanku sai da ya yi tsalle. Su ja baya."

Suka ja baya.

"Ƙara."

"Mama," in ji Dogo yana haki, "in muka ƙara, a gonata za a dasa, ni zan sha inuwar."

"Ƙara, Dogo. Tsawonka ne kawai babu kai."

Suka ƙara. Da suka sake tayar da gorar, inuwar ta tsaya a ƙasa, ba ta kai bango ba.

Yaya ya girgiza kai. "Kin gani? Inda ta yarda, inuwa ba ta zuwa. Inda inuwa ke zuwa, ba ta yarda ba. Ni hanya ce a gabana, Auta."

"Ka jira. Rana tana sauka."

"Har yaushe?"

Auta ta tsaya tana kallon kan inuwar a kan busasshiyar ƙasa. Kamar ba ta motsi. Ta ɗauki tsakuwa ta ajiye a gaban inuwar kaɗan. Hannun Dogo ya fara rawa, gorar na kaɗawa, Yaya ya sa kafaɗa ya tare. Wayarsa ta yi ta kuka a aljihu, ba hannun ɗauka. Inuwar ta haɗiye tsakuwar. Auta ta ajiye wata. Bangon da ke bayansu har yanzu yana huci, rana tana dukansa sosai. Idan inuwar ba ta iso ba sai rana ta yi sanyi, to Yaya ne da gaskiya, jakar kuwa tana cikin mota.

Inuwar ta haɗiye tsakuwa ta biyun. Ta haye lakar ramin da aka cire turaren. Ta taɓa gindin bango, ta lanƙwasa, ta fara hawa.

Mama ta saki damtsen Auta. Ta ɗora tafin hannunta a kan bangon, daidai inda siririn baƙin layin ya ratsa, ta bar shi a nan.

"Ku sake kayar da ita," in ji ta, ba tare da ta juyo ba.

Suka saki. Wannan karon ta juya ta kalli faɗuwar tun daga sama har ƙasa, ba ta ƙifta ba. Sannan ta taka da ƙafarta daga bango zuwa kan gorar, ta tsaya, ta waiwayi ɗakinta.

Yaya ya matso yana murza kafaɗa. "To wanne za a sa? Mangwaron?"

"Yara su zo su hau, wani ya faɗo? A'a."

"Cediyar?"

"Saiwarta sai ta je ta fasa mini rijiya. Maɗacin kuma tsawo gare shi, ba na son abin da sai na karya wuya zan ga ƙarshensa." Ta waiwayi wajen sito. "Darbejiyar. Ba ta da abin da zai sa a hau ta, kuma ba ta shan ruwa kamar sauran. Ni nake ba su, na sani."

"Kafin ta yi inuwa fa, Mama? Ba bana ba ne, ba baɗi ba."

Sau nawa Auta ta roƙi Mama ta dawo ɗakinta na gabas, Mama ta ce ba ta barin ɗakin mijinta.

"Sai in riƙa kwana a wurin Auta," in ji Mama, "in za ta rage minshari."

"Ni, Mama?"

Dogo ya riga ya kafa diga a inda gindin gorar ya tsaya. Mama ta tafi lungu da kanta ta dawo rungume da gwangwanin darbejiyar, ta ƙi bari a karɓa. Da aka fasa shi saiwar ta naɗe a ciki kamar zare, ta zauna a bakin ramin tana warware ta da yatsa.

Yaya ya daɗe tsaye a kanta. Sannan ya nufi mota, ya fito da jakar, ya kai ta ɗakin Auta. Da ya dawo ya tsaya kusa da ƙanwar tasa, yana kallon wani wuri.

"In kika ga ta taɓa dashen nan, ki kira ni. Kada in sake jin labarin awaki."

"To, Yaya."

"Kai," in ji Mama daga bakin ramin, "wancan turaren na bayan sito ka koma da abinka. Kada ka dasa shi inda mutum ke zama."

Ta miƙa hannu, Auta ta ba ta bokitin ruwa.