Makullan Baba Magini

"Ke Mai Ɗinki, ara mini zani biyu da rigar yaro."

Na ɗago daga kan keke, sai ga maƙwabcina Baba Magini a bakin ƙofa yana haki, tarin makullai na kaɗawa a ƙugunsa.

"Baba, aure ka yi ba mu da labari?"

"Shanya zan yi a gidan direba. Jibi masu dubawa za su zo."

Gida goma sha ɗaya ne a layinmu, duk shi ya gina su tun yana saurayi. Bakwai yanzu ba kowa, masu su sun koma birni sun bar masa makulli. Hukuma kuwa ta ce layin da kango ya fi yawa rushe shi za a yi. Tun da tsohon nan ya ji haka zama ya gagare shi. Ya buɗe taga nan, ya share ƙofa can, ya hura wuta a murhun da ya shekara biyar a mace, don dai a ga hayaƙi.

"Haba Baba, wa za ka ruɗa da tsumma? Zauna ka huta mana!"

"In na zauna, ke ina za ki kai kekenki?"

Haushi ya kama ni don na san gaskiya ya faɗa. Na miƙa masa kayan.

Washegari da hantsi na ji shiru, ba ƙarar makulli. Na leƙa gidan direba, na same shi jingine da bango, tsintsiya a cinyarsa. Rai ya riga ya yi halinsa.

Na yi ta buga wa masu gidajen waya ina sanar da su. Kafin la'asar motoci sun cika layin. Direba da iyalinsa, 'ya'yan malama, har mai gyaran rediyo da ya rantse ba zai sake tako garin ba. Aka rasa wurin kwana, sai na ciro makullan na bi kowa da nasa.

Da safe masu dubawa suka iso. Yara na guje-guje, hayaƙi na tashi ko'ina. Babban masu dubawar ya bi ƙofa-ƙofa yana rubutu, ya tsaya a gabana.

"Layin nan ai a cike yake. Gida ɗaya ne kawai ba kowa."

Na juya na dubi ƙofar da ke rufe. Da suka wuce na shiga gidan Baba, na buɗe masa tagarsa.