Ranar da Hajiya Oumou Ta Warke a Takarda

Shekara huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Hajiya Oumou, amma ba ta taɓa yarda baƙo ya tarar da ita a kwance ba. 'Yar Damagaram ce, mai tsabta da son fita kunya. Tana zaune da 'yarta Malika a wani ƙaramin gida a unguwar Glenwood, can ƙasar Turawa.

Malika tana aiki a wani katafaren sito a Wendover, tun safe sai la'asar. Abin da ke sa ta fita hankali kwance shi ne Confidence, wata 'yar Kumasi da inshorar lafiya ta gwamnati ke biya ta zo kullum. Ita ke ɗaga Hajiya daga gado, ta yi mata wanka, ta kai ta bayi. Kirista ce, amma ta fi Malika sanin lokacin azahar, don ita ke kawo butar alwala.

Da aka fara rage kuɗin inshorar, sai ga sanarwa cewa nas za ta zo ta sake duba masu samun taimako. Ranar ta faɗo Talata. Malika ta nemi hutu a wurin aiki, aka hana ta.

Confidence ta yi abin da ta iya. Ta wanke Hajiya tas, ta sa mata shadda, ta ɗaura mata kallabi, ta rambaɗa mata kwalli, ta turare falo. Hannun da ya mutu aka lulluɓe shi da mayafi. Nas na shigowa ta ga tsohuwa a kujera kamar uwar amarya. Hajiya ta tura Confidence kicin ta dafa wa baƙuwa shayi. Da yake ba ta jin Turanci sosai, sai nas ta kira tafinta a waya.

"Mama, tana tambaya yaya jiki?" in ji tafinta.

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Akwai inda ke miki ciwo?"

"Da sauƙi."

"Kina iya shiga bayi ke kaɗai?"

Hajiya ta ji muryar namiji, wanda ta tabbata ta haife shi, yana yi mata zancen bayi. Ta sunkuyar da kai.

"Ka ce mata ba mu da matsala. Ka ce ta sha shayi."

Tafinta mutum ne mai amana. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Bayan mako uku takarda ta iso. Malika ta karanta sau biyu a tsaye. An nuna farin ciki da ci gaban da Hajiya ta samu, saboda haka daga wata mai zuwa awa biyu kacal a rana za a riƙa turo mai taimako.

"Mama, me kika ce wa matar nan?"

"Gaisuwa ta yi, na amsa."

"Ba gaisuwa ba ce, tambaya ce! Rubutawa take yi!"

"To in ce mata me? In yi wa Allah butulci a gaban baƙuwa?"

Malika ta shiga ɗaki ta ɗaukaka ƙara ta waya. Aka ce za a duba. Kafin a duba, kamfanin da ke turo Confidence ya rage wa ma'aikata albashi, shi ma an rage masa. Confidence ta daure wata guda, sannan ta durƙusa gaban Hajiya tana kuka, ta ce tana da 'ya'ya biyu, ta samu aiki a kanti.

Daga nan Malika ta koma fita da sassafe, ta sheƙo gida da rana lokacin cin abinci, ta juya. Wata rana ta tarar da uwarta a ƙasa tsakanin gado da ƙofa. Tun hantsi take nan.

Da aka sa ranar dawowar nas, Malika ta nemi tafinta mace, ta ce wa shugabanta ko ya ba ta hutu ko ta ɗauka da kanta. Ta hana wanka, ta hana kwalli, ta ɓoye kallabin.

"Yau a kwance za ta same ki, Mama. Abin da aka tambaye ki, ki faɗi yadda yake."

Hajiya ta faɗa, fuskarta na kallon bango, murya can ƙasa. Nas ta rubuta shafi uku. Bayan ta fita, Hajiya ta ce, "Kin tona mini asiri," ta yi kwana biyu ba ta yi wa Malika magana ba.

Wata na biyar aka mayar wa Hajiya da awanninta duka. Malika ta kira kamfani da rawar jiki. Wata mata mai daɗin murya ta taya ta murna, sannan ta ce rabin ma'aikatansu sun tafi, babu wadda za a turo yanzu, amma an sa sunan Hajiya a jerin masu jira.

Ranar Asabar Malika ta shiga wani babban kanti sayen ƙunzugun manya, tana tafiya dafe da ƙugu. Sai ga Confidence cikin rigar ma'aikata tana jera sabulu. Suka rungume juna.

"Me ya samu bayanki?" in ji Confidence.

"Ɗaga Mama."

"Hei, da baya kike ɗagawa? Zo nan."

Ta ajiye sabulun, ta sa hannu ƙarƙashin hammatar Malika, ta lanƙwasa gwiwa, ta nuna mata yadda ake jingina mutum a ƙirji a miƙe da shi. Suka maimaita sau uku a tsakiyar kanti, masu sayayya na kewaye su da kekunan kaya. Can aka kira sunan Confidence a lasifika, ana nemanta wajen abincin karnuka.

"Ki gaishe da Hajiya," ta ce, ta tafi da sauri.