Gwajin Bindigar Baba Umara

"Ba za ka riƙe ta a hannu ba, Baba Umara," in ji Ari maƙeri, yana ƙara tamke bindigar da igiyar kaba a jikin kututturen giginya.

Tsohon maharbin ya dafa sandarsa yana gunaguni. Shekara talatin ke nan tun da ya karɓi bindigar a hannun wani farke mutumin Barno, ba a taɓa ɗaure ta kamar akuya ba. Ari ya ƙyale shi. Shi ya ga tsagar da ta yi daidai mazaunin albarushi, shi kuma ya kwana uku yana yi mata ɗamarar ƙarfe. Lauje da fartanya da mashin kifi ya gada a maƙerar ubansa, bai taɓa gyaran bindiga ba. Da ba katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu ba, da bai karɓi aikin ba.

Ya ɗura albarushi ninki biyu, ya ƙulla doguwar igiya a kunamar, suka laɓe a bayan suri, can nesa da ganuwar Haɗeja. Sai da ya yi bisimilla sau uku kafin ya ja. Ƙara ta tashi, balbelu suka watse daga fadama. Da hayaƙi ya lafa, Ari ya je ya shafa ɗamarar da yatsa, ya sansana, ya duba ko baƙin hayaƙi ya ɓullo ta gefe. Babu komai. Suka sake, ta sake riƙewa. Ya nemi a yi na uku, Umara ya ce albarushi ba a gona yake tsirowa ba, ga shi mugun dawa ya kusa gama da shinkafar unguwa.

"Ka bar mini ita kwana ɗaya tak," in ji Ari.

"Kai ne ba ka yarda da hannunka ba. Ni na yarda."

Washegari da safe Ari ya ji tarin tsohon ta bayan katanga, da muryar Fanna, matar tsohon, tana cewa ya tsaya ya sha kunu tukuna. Ari ya hura wuta a maƙera, amma ya kasa sa ƙarfe a ciki. Da hantsi ya ji harbi ɗaya daga wajen kogi. Ya zauna yana jiran ihun da manoma kan yi idan an ka da dabba. Shiru.

Kolo masunci ne ya leƙo, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya ce a zo, Umara na kwance a bakin fadama.

Ari bai san yadda ya kai can ba. Ya ratsa mutanen da suka taru, ya wuce maƙwabcinsa, ya sunkuya ya ɗauki bindigar daga cikin ciyawa. Ya jujjuya ta. Ɗamarar na nan daram. Sai a lokacin numfashi ya dawo masa, kunya kuma ta biyo baya, don bai ko dubi fuskar mutumin ba tukuna.

Babu jini a jikin Umara, babu ƙuna. Kolo ya ce daga kwalekwale ya hango shi: ya harba, dabbar ta faɗi a cikin shinkafa, ya yi taku kaɗan, ya dafe ƙirji ya zauna, bai sake tashi ba.

Fanna na tsaye a bakin zaure sa'ad da aka shigo da shi. Idonta ya sauka kan abin da ke hannun Ari.

"Ita ce?"

"Ba ita ba ce, Inna. Kwana ne ya ƙare."

Ta gyaɗa kai, ta koma ciki ta ɗora ruwan wanka.

Bayan an dawo daga maƙabarta da la'asar, Ari ya bi ta fadamar shi kaɗai. An riga an janye dabbar. Takalman Umara na fata suna nan a kan kunyar gona, inda ya tuɓe su kafin ya shiga laka, ɗaya a kan ɗaya, ruwa ya fara taɓa na ƙasan.