Rago Ɗaya, Masu Saye Uku

Rakiya ba ta taɓa kora dabba zuwa kasuwa ba, amma a Tanut kowa ya san ita ke sayar wa mutanen Yamai da Damagaram ragunan layya. Mijinta Almustafa ne ke shiga kasuwannin Belbeji da Gangara ya sayo su, a kiwata a garken bayan gida. Ita kuwa sai ta ɗauki hotonsu ta ɗora a shafinta na intanet, ta yi ciniki daga kwamfutar da ke ɗakinta. In an daidaita, mai saye ya turo kuɗi, a ɗora masa ragonsa a kamyo, wato babbar motar kaya.

Da Babbar Salla ta matso, ƙanwarta Mu'minat, mai aikin kula da kwamfutoci a wani biro, wato ofis, a Damagaram, ta kira ta ta ce na'urar da ake ciniki da ita tana buƙatar katangar tsaro mai kyau, wadda za ta tsaya tsakaninta da intanet, ta hana baƙo shigowa, ta hana bayanai fita ba izini. Ta ce in ta sami hutu za ta zo su zaɓa tare. Rakiya ba mai son jira ba ce. Ta jefa tambayar a zauren 'yan kasuwa da take ciki a intanet, sai wani Barmo ya amsa. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma ya daɗe a zauren, yana gaya wa mutane inda dusa ke araha da direban da ba ya saɓa alkawari. Ya turo mata wata manhaja, ya ce kyauta ce, kuma ba ta nauyi ko rezon intanet ya yi rauni. Wajen sakawa, manhajar ta nemi a kashe katangar da ta zo da na'urar tun asali. Barmo ya ce haka ake yi, biyu ba sa zama tare. Ta kashe. Wata koriyar garkuwa ta bayyana a gefen allo, hankalinta ya kwanta.

Wata safiya Almustafa na ba dabbobi ruwa, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani dattijo mai suna Kadi ya fito, ya ce daga Agadas yake, ya zo ɗaukar farin balamin nan mai baƙin kunne da ya biya. Almustafa ya shiga ya tambayi matarsa. Rakiya ta ce ragon ba a sayar da shi ba, ko tayi mai kyau bai samu ba tukuna. Ta yafa mayafi ta fito zaure. Kadi ya miƙa mata salularsa ba tare da ya ɗaga murya ba. Saƙonnin daga shafinta suka fito, da irin gaisuwarta, har da addu'ar da take rufe ciniki da ita. Lambar da aka ce ya tura kuɗi ce kawai ba tata ba.

Tana riƙe da wayar, wani direba ya yi sallama. Wata hajiya ce ta aiko shi daga Damagaram, ita ma farin balami mai baƙin kunne. Kafin direban ya gama bayani, wayar Almustafa ta yi ƙara: wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ne daga Yamai, yana tambayar wace mota aka sa masa ragon. Almustafa ya tsaya da bokiti a hannu, yana duban matarsa.

Rakiya ta koma ɗaki, ta buɗe kwamfutar don ta ga abin da aka rubuta da sunanta. Koriyar garkuwar na nan, tana cewa komai lafiya. Sai ta ga 'yar kibiyar nan tana tafiya a kan allo, alhali hannayenta biyu suna kan cinyarta. Kibiyar ta buɗe hirar wani mai saye, haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya: ragon yana nan, Alhaji, a turo kawai. Daga nan rubutun ya tsaya. Aka goge shi, aka rubuta wani.

"Hajiya Rakiya, mayafinki ya zame."

Ta kai hannu kanta. Ya zame ɗin. A lokacin ta lura da 'yar fitilar da ke kunne kusa da idon kamara. Ta kife murfin da ƙarfi, ta ja da baya har ta bugi gado. Abin da ya fara zuwa mata ba ragon ba ne. Ɗakin nan ne take shafa mai, nan take shayar da jaririyarta, kuma sau da yawa na'urar a buɗe take barinta.

Da ƙyar ta iya kiran Mu'minat. Ƙanwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Yaya, kashe akwatin intanet ɗin yanzu. Kada ki sake buɗe na'urar har na iso. Abin da kika saka ba katanga ba ce, ƙofa ce aka ba ki kika kafa musu."

Almustafa ya tafi da Kadi da direban wurin jandarma, aka ɗauki bayaninsu. Da aka duba zauren ta salula, Barmo ya fice, lambarsa ba ta shiga. Kadi ya dawo ya daɗe tsaye a bakin garke yana kallon ragon. A ƙarshe ya ce ya ga fuskar Rakiya lokacin da take karanta saƙon, ya san ba ita ba ce. Almustafa ya yi wa duk ukun alkawarin ragi mai yawa a kan ragon da kowa ya zaɓa, kuma aka bar wa dattijon balamin, tunda shi ya yi doguwar tafiya.

Washegari Mu'minat ta iso a motar Damagaram. Ta share na'urar kaf, ta sake zuba mata komai, ta canza kalmomin sirri duka daga tata kwamfutar. Sannan ta zaunar da yayarta ta ce zaɓi biyu ne. Katangar da ta zo da na'urar ta isa aikin yau da kullum, muddin ba a kashe ta ba kuma ana sabunta ta. Akwai kuma ta saye, daga shafin masu yin ta kai tsaye, wadda ke nuna duk manhajar da ke neman fitar da wani abu, ta tambaya kafin ta bari. Ta gargaɗe ta cewa wannan tana da yawan tambaya, kuma ko wacce ta ɗauka, ba za ta cece ta ba in ta sake saka abin da baƙo ya turo. Rakiya ta ce a sa mata mai tambayar, gara a dame ta. Da hannunta ta yanki ƙyalle ta manna a idon kamarar.

Da la'asar ta yi saƙon murya a zauren, ta faɗi abin da ya same ta ba ta rage komai ba. Sai ga muryar wata mata daga Falanko mai sayar da cuku, a hankali, kamar mai tsoron a ji ta. Ta ce ita ma Barmo ya turo mata, kuma tun watan jiya take ganin kibiyarta na motsi, ta ɗauka na'urar ce ta tsufa. Bayan ta wani ya yi magana daga Belbeji, sannan wani.

Mu'minat ta dubi jakarta da ta riga ta ɗaure don komawa. Ta ciro salula ta kira shugabanta a biro, ta ce ba za ta dawo gobe ba, sannan ta tambayi Almustafa inda motocin Falanko ke lodi.