Shirun Injin Garwaya

Ranar kankare inji ce a kamfanin abincin kaji, ga shi tun da hantsi aka ɗauke wuta, wurin ya yi tsit sai kukan tattabaru a rufin kwano. Mai gyaran wutar kamfanin, wanda kowa ke ce wa Injiniya, yana tsaye a bakin babban injin garwaya riƙe da tsani. Ƙanin matarsa, Dogo, ya zura ƙafa ɗaya ciki, shebur a kafaɗa, ya waiwayo ya yi tambayar da ake yi kafin kowa ya shiga.

"An kashe?"

"An kashe."

Dokar aikin ke nan. A ƙa'ida, dole sai Injiniya ya je ɗakin wuta can ƙarshen sito ya ja hannun babban makunnin injin ƙasa, sannan mai kankara ya sauka tsakanin wuƙaƙen ƙarfe. Dogo ya sauka yana tsokana, wai idan inji ya niƙe shi a gaya wa yayarsa kada ta kuskura ta ba mijinta rabonsa na nama. Injiniya ya ce ai ko inji ba zai iya haɗiye mai ɗacin baki irinsa ba. Ya zare tsanin don a ba shebur fili, ya jingine shi a bango.

Yana kaɗe dusa daga hannun rigarsa sai maganar 'yarsa ta faɗo masa. Ita ce ta fari, bana ta shiga jami'a, falsafa take karantawa. Da ta zo hutu, suna cin abinci, ta ba su labarin darasinsu na farko. Wai malamin cewa ya yi kowa ya kawo abu guda da ya sani tabbas, kuma duk wanda aka kawo sai ya ɓare shi kamar albasa: wannan ji ka yi, wannan zato ne, wannan sabo ne kawai. Injiniya ya yi dariya, ya ce karatun da ba ya gyara ko ƙwan fitila ai wahalar da kai ne. Ita kuwa ta dube shi ta tambaya ko ya kulle ƙofar gida ɗazu. Ya ce ya kulle mana.

"Baba, kullewar yau kake tunawa, ko ta jiya?"

Uwarta ta ce ta ci abinci ta bar mutane su huta, aka bar zancen.

Yanzu ga shi tsaye a gaban inji, tambayar ta dawo masa. Ya lumshe ido. Yana ganin hannunsa a kan ƙarfen makunnin, yana jin sanyinsa, har da ƙarar da yake yi idan ya sauka. Amma na wace rana? Shekara da shekaru hannu ɗaya ne, ƙarfe ɗaya, ƙara ɗaya. Ya bi safiyar yau a hankali. Ya tuna ya nufi ɗakin wuta. Ya tuna yana tsakiyar sito wuta ta ɗauke, leburori suka yi tsaki, direban babbar mota ya tare shi a kan batir ɗinsa da ya ƙi ja. Daga nan sai ya ga kansa a bakin inji da tsani. Tsakanin batir da tsani babu komai.

Ya dubi injin. Shiru yake, amma yau komai shiru yake. Da akwai wuta, da shirun nan ya zama shaida. Kuma da wutar ta ɗauke, injin yana cikin juyi ne. In dai ba a ja hannun nan ba, wuta na dawowa zai ɗora daga inda ya tsaya, ba ruwansa da wanda ke cikinsa.

Ya ce wa kansa shaiɗan ne. Ya ce bai taɓa mantawa ba. Sai wani abu a ransa ya ce, in ma ka taɓa mantawa, wa ya gaya maka?

Daga can bayan fili janareto ya yi tari ya mutu. Ashe manaja ya ce a tayar da shi don injinan ɗinkin buhu, kuma layinsu ɗaya da injin garwaya.

Injiniya ya leƙa cikin injin ya kira Dogo. Ƙura ta turnuƙe, Dogo ya naɗe kai da kunne da tsumma, shebur na ƙara a jikin ƙarfe. Da kyar ya ɗago ya ce, "Mijin Yaya, in ruwa ka kawo miƙo, in surutu ne kai wa matarka." Ya sunkuya ya ci gaba.

A sa tsani, a fahimtar da Dogo, a jira ƙato kamarsa ya hauro, aiki ne. Mai janareto kuma yana can nesa, ba zai ji kira ba. Janareton ya sake tari, wannan karon ya ɗan ja kafin ya mutu.

Injiniya ya zuba da gudu. Buhuna, amalanke, wani lebura da ya ture bai ko ga fuskarsa ba. Fuskar matarsa kawai yake gani, da bakin da zai buɗe ya gaya mata. Takalminsa ɗaya ya fita, bai tsaya ba.

Ɗakin wuta ba shi da taga, duhu ne kamar cikin tulu. Ya faɗa ciki, hannunsa ya san hanya, ya cafki ƙarfen ya rataya a kansa da dukan nauyinsa har kafaɗarsa ta yi ƙas. A daidai nan janareto ya kama, ƙwan fitila ya kawo.

Hannun makunnin yana ƙasa. Ya zuba masa ido yana haki. Shi ya saukar da shi yanzu, ko a ƙasa ya same shi? Ya tambayi tafin hannunsa, ya tambayi kafaɗarsa, babu wanda ya ba shi amsa.

Injinan ɗinki suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Bai saki ƙarfen ba. Ya kasa kunne cikin hayaniyar yana neman ƙara guda, yana roƙon Allah kada ya ji ta. Can ƙasa-ƙasa, daga ɗaya ƙarshen sito, ya jiyo shebur na kankarar ƙarfe. Ya durƙusa a wurin, hannunsa na kan ƙarfen har yanzu.