Muryar Sanata

Tun tana ma'aikaciya a masaƙa, da murya aka san Sanata. Ita ce mai hawa kan tebur ta kira yajin aiki, har manajan da ke bene yana ji. Muryar ce ta kai ta shugabancin ƙungiyar ƙwadago, daga can sai majalisar dattawa, inda masu kamfanoni suka laƙaba mata 'Yar Gurguzu, ita kuwa ko a jikinta.

Sai ga muryar ta soma dushewa. Mijinta, tsohon malamin makaranta da kowa ke kira Malam, shi ya fara lura. Ta ce mura ce. Ya dafa citta, ya kawo zuma, duk a banza. Da ƙyar ya ja ta asibiti. Likita ya zura mata siririyar na'ura ta hanci, ya daɗe yana kallon allo.

"Akwai ƙari a maƙogwaro," in ji likita. "Mako mai zuwa za mu yanki kaɗan mu gwada. Kafin nan, ranki ya daɗe, ban da magana."

A mota Malam ya ce, "Ƙudurin nan na jibi, ki ba wani ya gabatar mana."

Ƙudurin diyya ne ga ma'aikatan da inji ya nakasa, ta yi shekaru tana fama da shi.

"Wa zan ba?" ta ce a dushe. "Jira suke in yi tari su binne shi."

"To ni fa? In kuma abin ya zama..."

"Kullum roƙona kake in yi shiru. Yau likita ya goya maka baya, kuma kana ɓata rai?"

Bai yi dariya ba.

Ranar zaman, Malam na saman bene cikin 'yan kallo, kusa da wata mata da injin yanka ya cinye wa yatsu. Sanata ta miƙe. Jimlar farko ta fita, ta biyu ta maƙale. Wani sanata ya yi ihu, "Ba ma ji!" aka kwashe da dariya. Ta kurɓi ruwa, ta jawo makirfo dab da leɓenta, ta ci gaba da raɗa. Dole zauren ya yi tsit. Ta taƙaita jawabin, ta zauna tana danna hankici a baki.

Ƙudurin ya tsallake da ƙyar. 'Yan kallo suna tafi, Malam kuwa leƙe yake ya ga ko akwai jini a hankicin.

Da sakamako ya fito, ba ciwon daji ba ne. An yi aiki, amma muryar ba ta dawo yadda take ba. A kwamiti kuma aka zabtare rabin diyyar kafin ƙudurin ya zama doka. Wannan ya fi aikin tiyatar yi mata ciwo, shi ya sa ta ce za ta sake tsayawa takara. Malam dai har yanzu bai ce ya amince ba.