Kiran da Mudi Ya Katse

Mudi direban keke napep ne a unguwar Barkin Sale da ke Minna, mutum ne da ba ya ɗaukar raini. Abu ɗaya ke tanƙwara shi a duniya, matarsa Kubura. Shekara shida tana fama da ciwon suga, safe da yamma sai an yi mata allura, in aka tsallake jikin ya rikice. Da hannunsa yake yi mata.

Da allurar ta fara wuya a gari, yau akwai gobe babu, sai 'yarsu Hidaya da ke aiki a Abuja ta ɗauki hoton takardar likita ta tura wa wani kantin magani na intanet. Kwana biyu aka kawo kwali har ƙofar gida, kwalabe uku a lulluɓe cikin sanyi, da wata doguwar takarda da Turanci. Mudi ya juya ta gaba da baya, ya cusa ƙarƙashin katifa.

Ranar yana ɗaukar fasinja a Limawa wata baƙuwar lamba ta kira. Muryar mace ce.

"Daga kantin magani ne. Kafin in yi bayani, faɗa mini cikakken sunan mara lafiya da ranar haihuwarta."

Mudi ya ja tsaki. Da irin wannan tambayar 'yan damfara suka cuci abokin aikinsa bara.

"Sai kuma lambar katin banki ko? Yarinya, ki nemi sana'a." Ya katse. Ta sake kira sau biyu, ya bar wayar tana ruri a aljihu.

Abin da ya riƙe kawai, Hidaya ta ce a ajiye a sanyi. Watan Maris ne, Minna kamar tanda, wuta kuwa sai ta ga dama. Ya ɗauki kwalaben ya shiga wajen Mabel, maƙwabciyarsu mai sayar da ƙanƙara, ita ke da firiza mai sola.

"Baban Hidaya, sama zan sa ko ƙasa?"

"Can ƙasa, inda ya fi sanyi. Ran matata ne a ciki."

"Allah ya ba mu miji irin ka," in ji Mabel tana dariya, ta tura su ƙarƙashin ƙanƙarar.

Duk kwalbar da ya karɓo kamar dutse take. Sai ya zauna a tabarmar Kubura ya damƙe ta a tafin hannu har ta narke, ta koma kamar yadda aka kawo ta.

"Malam, kwanci kake yi mata kamar kaza?" Kubura takan ce. "Yaushe za ta ƙyanƙyashe?"

"Miƙo hannu, surutu ya yi miki yawa."

Sati uku, Kubura ta fara shan ruwa ba ƙoshi. Suka ce zafi ne. Ta rame har zobenta ya zame a wajen wanke-wanke. A sati na shida ta kwanta da hantsi, ya kira ta ba ta amsa ba. A kekensa ya kai ta asibiti.

"Ta daina allura ne?" likita ya tambaya.

Ran Mudi ya ɓaci. "Ko sau ɗaya ban tsallake ba."

Washegari bayan azahar ta cika.

Bayan sadakar bakwai yana wanke keke a ƙofar gida, lambar nan ta sake kira. Ya ɗauka, don ba shi da ƙarfin faɗa.

"Sunana Dorothy, ni ke kula da magunguna a kantin da Hidaya ta yi oda. Allurar Kubura ta kusa ƙarewa."

"Kubura ta rasu."

Ta yi masa ta'aziyya, muryarta ta yi ƙasa. Sannan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ƙa'idar aikinmu ce in tambaya. A ina ake ajiye allurar?"

Nan ne kaɗai Mudi ya ɗan ɗaga kai. "Wannan kam ban yi wasa ba. A firiza, can ƙasan ƙanƙara."

"Ta daskare?"

"Kamar dutse."



"Baba, allurar nan sanyi take so, amma in ta daskare sau ɗaya ta lalace. Ko ta narke ba ta aiki yadda ya kamata. Yana cikin takardar. Abin da na kira in gaya maka ke nan ranar." Ta ja numfashi. "Sau uku na kira, na rubuta ba a same ka ba, na bar shi haka. Da na sani, da na nemi 'yarka."

Mudi bai zage ta ba. Ya ajiye tsumman a kan keke, ya shiga gidan Mabel ya ce ta ba shi kwalbar ƙarshe.

"Me za ka yi da ita kuma, Baban Hidaya?"

Ya koma ɗaki ya zauna a tabarmar Kubura, ya damƙe kwalbar a tafin hannu. Sanyin ya ci masa yatsu. Ta narke tun kafin la'asar, amma bai buɗe hannun ba.